Tattabarar da Baba ya bari

A falon maigidana da ke unguwar Abhur na fara ganin barewa a tsaye, ido buɗe, ba ta numfashi. Direba nake a gidan, kuma duk shigar da zan yi da kaya sai na tsaya na ƙare mata kallo. Larabawa suna kiran sana'ar tahnit: a feɗe fatar dabba, a yi mata magani, a ɗora ta a kan jikin roba, ta tsaya kamar mai rai. Da na ji wani Bamisire yana koyar da ita a unguwar Bagdadiyya, sai na biya na shiga. Na gaya wa mutane na gaji da sitiyari ne. Gaskiya na gaji, amma akwai wani dalilin.

Baba ya rasu ya bar tattabaru a saman gidan da muke haya a unguwar Aziziyya. Muka sayar da wasu, wasu suka tashi ba su dawo ba. Saura ɗaya, wata ja mai farin wuya, wadda ke sauka a kafaɗarsa in ya hau da hatsi. Ta tsufa tukuf. Ita nake so in tsayar idan ta mutu, in ajiye a ɗakin Umma.

Na ɓata tsuntsaye da yawa kafin hannuna ya faɗa. Na farkon da na yi, 'yan aji suka ce safa ce aka cusa wa tsumma, har malamin sai da ya dara. A kan wuya ne kawai ba ya wasa. Ya ce in wuƙa ta ratsa wuyan tsuntsu, jini ya jiƙa gashin, halas, shi ke nan, aiki ya lalace. Wanda ya mutu da kansa ake so, a naɗe shi a sa a firiza. Na maimaita wa Umma wannan har ta fara ce mini na cika ta da surutu.

Yau ina yi wa mutane aikin a gefe, kuma duk wanda ya tambaye ni ko kuɗin koyon ya yi amfani, nakan ce ya yi. Abin da ya kai ni ajin ne ban samu ba.

Wata rana na dawo bayan la'asar, tun daga matakala na ji ƙaurin gashin da aka zuba wa ruwan zafi. Na tarar da Umma zaune a kicin, tattabarar a fige cikin kwano.

Na ce, "Haba Umma! Ba firiza na ce miki ba?"

Ta ce, "Na ji ka, ya waladi, ɗana. Na hau na same ta tana shure-shure. Wallahi na yi niyyar jira, na rungume ta ina jira. Amma babanka bai taɓa barin dabbarsa ta mutu mushe ba. Da wane ido zan kalle shi gobe kiyama?"

Na buɗe baki zan ci gaba da faɗa, sai na fasa. A gidanmu mace ba ta yanka. Babu namiji a kusa, shi ne ta ɗauki wuƙar Baba ta yi da kanta. Zuciyata ta karye, na zauna a ƙasa kusa da ita na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba.

Da magariba ta dafa ta, ta turo mini kwanon, ta ce ba a zubar da halal. Na cinye, ita kuwa tana zaune tana kallona, ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba.