Littattafai Bakwai da Na Ba Ɗan Baffana

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina koyarwa a Bodinga, ba zan manta da ranar da ɗan baffana ya tambaye ni daga ina zai fara karatu ba, da kuma amsar da na ba shi. Tambayar ƙarama ce, amsar ma ba ta ci minti biyar ba, amma har yau ban sauke ta daga zuciyata ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare. Akwai wani ɗan bautar ƙasa da muka zauna gida ɗaya, da zai koma garinsu sai ya bar mini kwali cike da littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna, maganar mutane tana cikin 'yan da'irori a saman kawunansu. Labari ɗaya ne dogo, an daɗe ana buga shi a ƙasar waje kashi-kashi, har ya haura kashi ɗari biyu. Labarin wani mai gadin maƙabarta ne da yake jin maganar matattu, yana kuma ƙulla yarjejeniya da aljanu. Waɗanda babu a kwalin na nemo su a waya. Na karance su kaf, wasu har sau uku. Na san inda aka canja mai zane, na san inda labarin ya yi sanyi da inda ya ɗauki wuta. Matsalata ɗaya, ba ni da abokin hirarsu a duk faɗin garin. Abin yana cina, domin wanda ya san abu bai sami mai tambayarsa ba, kamar mai ƙaiƙayi ne a tsakiyar baya.

Baffana, ƙanen mahaifina, a Shagari yake. Yana da tagwaye maza, sa'o'ina, tare muka taso. Noman albasa suke yi, gona ɗaya, rumbu ɗaya. A shekarar da nake ba da labari, ƙaramin ya bi motar da ta ɗauki albasarsu zuwa Kudu, motar ta kife a hanya, Allah ya yi masa cikawa nan take. Aka kawo shi gida aka yi masa sutura. Na je gaisuwa, na zauna kwana uku, na dawo bakin aikina. Babban bai yi kuka a gaban mutane ba, shi ne ma yake karɓar gaisuwa yana ba wasu haƙuri. Kowa ya yaba dauriyarsa, har da ni.

Bayan kamar wata biyu, ranar kasuwa, ya shigo Bodinga sayen iri, ya biyo ta wurina da hantsi. Ya rame, amma na ɗauka aikin gona ne. Na kawo masa fura, bai sha ba. Idonsa ya faɗa kan kwalin, ya jawo ɗaya yana buɗawa. Ya gama sakandare, yana karanta Turanci, sai dai a hankali.

"Malam, mi ag ga wanga abu?" Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa, da wasa ya faro har ya bi bakinsa.

Na ba shi labarin a taƙaice. Da na zo kan cewa mutumin yana jin maganar matattu, sai ya ɗago kai ya dube ni. Na ga kallon, amma na fassara shi da sha'awar labari, har raina ya yi fari na sami ɗalibi.

"Suna da yawa," ya ce. "In mutum za shi karantawa, daga ina zai soma? Daga na ɗaya?"

Nan na gyara zama. Na ce masa a'a, kada ya kuskura ya fara daga na ɗaya. Na farkon zanensu bai nuna ba, labarin kuma yana jan ƙafa, zai gaji ya ajiye. Na ce ya fara daga na sittin da uku, nan ne labarin ya kai maƙura. A wurin ne mai gadin ya kira ƙanwarsa da ruwa ya ci tun suna yara, ta dawo tana yi masa magana daga bakin kabarinta, har kashi bakwai a jere. Ina bayani ina lissafa su, na ware bakwai ɗin na sa masa a leda. Na saba'in yana hannuna, na dube shi na mayar cikin kwali. A cikinsa ne ake gane ashe ba ƙanwar ba ce, wani aljani ne ya ari muryarta yana jan mutumin zuwa halaka. Na riƙe shi ne don kada in ɓata masa daɗin labarin. Na ce a raina, bari ya gama waɗannan ya dawo da ɗoki, sannan in ba shi ya sha mamaki.

Yau in na tuna, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ban ji ko ɗar ba. Mutumin da ya binne abokin tagwaicinsa wata biyu da suka wuce yana zaune gabana, na zaɓo masa labarin wanda ya kira gawar 'yar'uwarsa, kuma ko sau ɗaya tunanina bai haɗa biyun ba. Littafin nake kallo, ba shi ba.

Bayan mako guda ya kira ni a waya, ina tsakiyar duba takardun jarrabawa. Ya ce ya gama. Sai ya tambaye ni yadda mutumin ya yi har ƙanwar ta amsa masa, wane turare ya ƙona, kwana nawa ya yi ba ci. Na yi dariya na bayyana masa kamar yadda yake a zanen. Sai ya ce, "Kuma ta yahe mai?" Na ce ta yafe masa mana, ai ka gani a na sittin da tara. Na ce ya shigo ranar kasuwa akwai ci gaba. Ya ce to. Bai zo ba, ni kuma jarrabawa ta ɗauke mini hankali, ban neme shi ba.

Sauran abin daga bakin matarsa na ji shi daga baya. Ya daina zuwa gona. Yakan fita da safe ya ce za shi ban ruwa, sai a gan shi zaune a maƙabarta cikin rana. Ya rage cin abinci. Daga nan wani ya yi masa kwatancen wani boka a wata ruga can bayan Dandin Mahe, wanda ake cewa yana haɗa mutum da nasa da suka rigaya. Ya je har sau biyu a ɓoye. A zuwa na biyu bokan ya ba shi wani jiƙo a gora da ƙullin turare, ya ce ya yini bai ci komai ba, ya shanye a bakin kabarin.

Wata Talata da azahar ƙanwarsa ta kira ni tana kuka, ta ce in zo. Na hau mota zuwa Shagari. Kafin in isa an riga an ɗauko shi. Masu dawowa daga gona ne suka hango shi durƙushe yana tonon kabarin da hannu. Na same shi a zaure, mutum huɗu sun danne shi. Faratansa sun ɓare, yatsun duk jini da ƙasa, idanunsa sun buɗe ƙwarai amma ba ya ganin kowa. Bakinsa ya bushe har ya tsage, jikinsa zafi kamar garwashi. Yana ta kiran sunan ɗan'uwansa, yana cewa ya ɗaga murya ba ya ji. Na kira shi, ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce guba ce ya sha, mai yiwuwa da zaƙami a ciki, kuma ta same shi ciki babu komai. Ya yi kwana tara bai san inda yake ba. Da aka je neman bokan, an tarar ya kwashe kayansa ya bar rugar.

Ranar da aka sallame shi baffana ya aika a kira ni. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida kan tabarma, littattafan bakwai suna jere a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Na zo da shirin a zage ni, ko a ƙone su a gabana, kuma da an yi hakan da na fi samun sauƙi.

"Naka na?" ya tambaya.

"Nawa ne, Baffa."

"Ni ban iya karatun boko ba, amma na ga hoto, na gane. Ba ni cewa takarda ta haukata min ɗa. Abin da ad damunai ya riga takarda zuwa." Ya ja carbinsa. "Tambaya guda zan yi maka. Da yaz zo wurinka, ka tambaye shi yadda yake kwana?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Mu ma ba mu tambaya ba. Munka ce yana da haƙuri, munka bar shi. Amma kai sa'a tai ne. Abin da ba ya iya gaya min, kai yana iyawa."

A ranar ne matar ɗan baffan nawa ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe babban ne ya kamata ya bi motar. Da safen suka yi cacar baki kan wanda zai je, ya gaya wa ƙaramin magana mai zafi, ya ce masa malalaci ne, kullum shi ake bari da wahala. Ƙaramin bai ce komai ba, ya ɗauki jakarsa ya hau. Maganar ƙarshe ke nan tsakaninsu. Wata biyu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, da rana yana karɓar gaisuwa.

Ya tashi, amma bai dawo yadda yake ba. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama yana rawa, rana kuma ba ya iya jure ta. Gonar albasar ƙannensa ke nomawa yanzu, shi yana zama a wata 'yar rumfa yana sayar da iri. Bayan wasu watanni na je na zauna da shi, na tattara ƙarfin hali na gaya masa abin da ke cikin na saba'in, da dalilin da ya sa na riƙe shi. Ya daɗe yana kallon titi.

"Da ka ba ni," ya ce a hankali. Can kuma ya girgiza kai. "Ko da ka ba ni, Malam, ban sani ba ko da na ji. So nike kawai in tambaye shi ko ya yahe min."

Na ce masa wannan ba a bakin kabari ake nemansa ba, addu'a ce da sadaka za su isa gare shi. Ya ce malamin unguwarsu ma haka ya gaya masa, kuma yana yi. A ranar na fara yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun a ɗakina, ya yi ta magana har aka kira magariba, ni kuwa ina saurare.

Ban ƙone littattafan ba, ban kuma sake buɗe su ba. Ba na ɗora musu laifi, kuma na daina yaudarar kaina cewa bokan kaɗai ne mai laifi. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, sanin littafi daban, sanin wanda za ka miƙa wa daban. Mutum yakan zo da ƙaramar tambaya a baki alhali babbar tana cikin ƙirjinsa, kuma mai ɗokin nuna iliminsa ba ya jin ta biyun. Yanzu duk wanda ya zo neman shawarata, ko ɗalibi ko babba, ko a kan karatu ko a kan wani abu, sai na fara zaunar da shi na tambayi lafiyarsa da gaske, na kuma jira amsar. Wanda kowa yake yaba wa haƙuri, shi na fi daɗewa a kansa.