Ramin da ke bangon shagon Yaya Bitrus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bitrus, kafinta a Kafanchan. Duk lokacin da na tuna da shi, abin da ke fara zo mini shi ne wata Asabar ta damina, da hantsi, ranar da aka sauke injin yanka katako a ƙofar shagonsa. Mu huɗu ne a wurin: shi, da ni, da 'yarsa Rifkatu, da maƙwabcinsa Alhaji Sale mai sayen citta.

Injin na hannu ne, ba sabo ba, amma irin mai teburi da ke tafiya a kan dogo. Za ka ɗora allo a kai, ka matse shi, ka tura teburin, zarto ya yi aikinsa hannunka na nesa. Wannan nisan Yaya ya saya. Tsohon injinsa, wanda ya harhaɗa da kansa, ya ci masa yatsu biyu, ga shi kuma Rifkatu ta gama makaranta ta kafe sai ta koyi sana'ar. Ya ce ba za ta taɓa katako ba sai ya samo injin da zai bar mata yatsunta goma.

Kafa shi ya ɗauki lokaci. Yaya ya zuba sabon siminti, ya yi ta cusa ƙananan ƙarafa a ƙarƙashin ƙafafun injin har ma'aunin ruwa ya tsaya a tsakiya. Ya daidaita dogon da faifan zarto, ya gwada ƙarfen da ake jingina allo da sukwaya, ma'aunin kusurwa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da komai ya zauna, ya ɗora cikakken allo ya tura. Teburin ya bugi bangon baya tun allon bai gama wuce zarto ba. Shagon ya gaza da kusan kamu biyu. In an juya injin ya kalli ƙofa, teburin zai fita titi, inda 'yan acaɓa ke wucewa. Bayan bangon kuwa siton Alhaji Sale ne.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Kafinta, jirgin naka ya rasa tasha ne?"

Yaya ya amsa da irin Hausarsa: "Alhaji, tasha ɗin yana cikin sito naka."

Alhaji ya duba bangon, ya dubi Rifkatu, ya ce, "To, a fasa. Amma in na ga garin katako a cittata, kai za ka shanye ta, buhu-buhu."

Aka kira birkila ya cire bulo, daidai faɗin teburin. Tun daga ranar, duk allon da aka yanka a shagon, sai bakin teburin ya leƙa cikin siton ya dawo. Yaya ya ɗauki gargaɗin da gaske. Ya haɗa tiyo mai zuƙe ƙura a ƙarƙashin zarto da samansa, ya rataya labulen tamfol a bakin ramin. Murfin zarto da ƙarfen da ke bayansa, wanda ke hana katako tsalle, bai taɓa cire su ba, ko da masu benci na coci suna tsaye a kansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi tsaki a kan allunan garin katako da ake kabad da su yanzu. Zai yi wa Rifkatu faɗa don tana koyon sabon yanka a waya, sannan ya matso ya kalla. Abin da zai fi tsayar da shi dai shi ne abin da ya faru bayan cuta ta ci gonakin citta daga Kwoi har zuwa nan. Siton ya zama fanko. Alhaji ya tsufa, ɗansa Nasiru ya sami mai shagon magani da zai karɓi haya, mai maganin kuma ya ce ba zai ajiye magani a ɗaki mai rami ba. Bai faɗi ƙarya ba. Amma in an toshe ramin, injin ya tashi daga aiki, Rifkatu kuma da shi take riƙe da mahaifiyarta.

Ni na raka ta gidan Alhaji. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ban zo gardama ba. Bangonku ne." Alhaji ya juya ya ce da Nasiru, "Shekara nawa muna ajiye citta a ɗakin nan, ka taɓa tsintar garin katako?" Nasiru ya ce bai taɓa ba.

Yaya bai bar gida mai bene ba. Ya bar inji da ke yanka daidai, da 'ya mai yatsu goma, da maƙwabta da suka ga ya cika alkawari a kan abu ƙarami kamar ƙura. Na gode wa Allah da ya ba ni shi, na gode wa gidan Alhaji Sale.

Nasiru ya sa an gina akwatin bulo a cikin ɗakin, ya rufe bayan ramin, ɗakin mai magani ya ragu da kamu biyu. Teburin yana shiga yana fita har yau.