Ni da Kazar Mai Ɗori

Shekarun baya can, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, ina cikin ma'aikatansu, kuma ina fama da wata jaraba: hawan dutse. Ni da abokina, wani mutumin Filato da muke sashe ɗaya, muka sha alwashin sai mun taka kan duk wani babban dutse daga Kaduna zuwa garinmu. Ranar hutu mutane na wanki, mu muna bakin titi a Sabon Tasha muna jiran mota da gorar ruwa da gyaɗa. Kujama, Kajuru, Kagoro, duk mun hau. Matata ta ce ko awaki sun fi mu dalili, su dai ciyawa suke nema.

Dutsen garinmu na bar shi a ƙarshe, kamar yadda ake ajiye nama sai an gama tuwo. A kansa aka haifi mahaifina, kafin mutanenmu su sauko ƙasa. Lokacin da nake wannan yawon, Baba yana zaune wurina, ido ya tafi, ƙarfi ma yana bin sa. Abu ɗaya yake so in duba masa: ramin da ke jikin falalen dutsen, inda mahaifiyarsa take niƙa dawa, ko yana nan. Kullum amsata ɗaya ce, Baba saura kaɗan.

Sai ga ni na zame a wani ɗan tsauni bayan Rido, wanda ko dutse ba za ka kira shi ba. Ƙafa ta karye ƙasa da gwiwa. Mai ɗori ya ɗaure ni da karare, sannan ya karya ƙafar wata kaza, ita ma ya ɗaure ta, ya ce ranar da ta taka in taka. Na zauna ina gadin kaza, ita kuwa ko a jikinta, sai cin tsaki take a kwance.

Ana haka Baba ya kwanta da tari. Tsoro ya kama ni sosai, na ga zai tafi ban kawo masa labari ba. Na ɗauki sanda na ce bari in gwada ƙafa a tsakar gida. Ban kai bakin rijiya ba na ji ƙas. Aka sake ɗori, aka sake kaza, matata tana mita wai zan ƙarar mata da akurki.

Baba ya sa aka matso da tabarmata kusa da tasa. Ya ce, "Ni tun ina yaro nake jiran dutsen nan. Kai ka kasa jiran kaza?"

To, na jira. Kaza ta taka, na taka, na ƙara wasu watanni a kai. Bayan damina muka hau, ina ɗingishi, abokina yana tsayawa ɗaure igiyar takalmi ba gaira ba dalili don in huta. Da muka kai sama sai kaina ya ɗaure. Ashe ramukan niƙan suna da yawa, a jere, wasu da ruwan sama a ciki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zura hannu.

Na dawo jiki a sanyaye, na gaya wa Baba ban gane wanne ne ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya fi sauran zurfi. Na ce akwai, hannuna ya shige har kusa da gwiwar hannu.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shi ne nata. Gidanmu ya fi kowane gida yawan baki."

Baba ya ƙara ganin damina biyu, kuma duk baƙon da ya zo sai ya sa na nuna masa zurfin ramin a hannuna. Har yau ƙafar nan tana riga gidan rediyo sanar da ni hadari, ban kuwa taɓa jin haushinta ba. Na daina ajiye nama a ƙarshe. Kazar ta biyu kuma na hana a yanka ta, tsufa ne ya ɗauke ta.