Ranar da Majalisar Yara Ta Taƙaita wa Koci Orrin Magana

Duk wanda ya yi sakandare a garin Ord, can tsakiyar jihar Nebraska, ya san Orrin Vandekamp ko da bai zauna a ajinsa ba, domin muryarsa na ratsa bango. Malamin tarihi ne, dogo mai sanƙo, ba ya rabuwa da kwat ko da zafi na narkar da kwalta.

Mahaifinsa mai gwanjon shanu ne, mutumin da kan sayar da bijimi goma kafin ka haɗiye yawu. Orrin kuwa ya taso shiru-shiru. Yana ɗan shekara goma sha shida aka kai shi birnin Lincoln gasar muhawara, irin wadda ɗalibai ke zama kamar 'yan majalisa, kowa da ƙudurinsa, kowa ana ce masa Sanata. Da aka kira sunansa sai ya miƙe, ya dubi takardarsa, ya dubi jama'a, ya ce, "Na gode, Shugaba," ya koma ya zauna. Jawabin ke nan gaba ɗayansa.

"Abin da na kasa faɗa ran nan," in ji shi, "shi nake ta faɗa shekara arba'in, kuma har yau ban kai rabi ba."

Sau biyu ya tsaya takarar kansila. Karo na farko ya sami ƙuri'a sittin da uku, na biyu hamsin da takwas. Shi da kansa yakan ce mutum biyar ɗin da suka ragu su ne waɗanda suka zo sauraron jawabinsa.

Amma inda Orrin ya fi jin daɗin duniya shi ne sansanin bazara. Duk watan Yuli akan ba shi aron wata ƙaramar kwaleji da ɗalibanta suka tafi hutu, yaran sakandare su zo daga ko'ina cikin jihar su yi mako biyu. Shi ne mai horar da su, shi ya sa suke kiransa Koci. Yana koya musu yadda ake rubuta ƙuduri, yadda ake neman izinin magana, da yadda za ka yi wa abokin hamayya tambayar da za ta sa shi gumi ba tare da ka zage shi ba. Babbar ƙa'idar ita ce ta lokaci: kowane Sanata minti uku gare shi, in ya wuce shugaban zama ya buga masa guduma.

"Duk wanda bai iya faɗin abin da ke ransa cikin minti uku ba," haka yake gaya musu, "to bai san abin da ke ransa ba."

Bayanin wannan ƙa'ida kaɗai kan ci masa minti arba'in.

A wata shekara aka kawo masa yara biyu da ba zai manta ba. Ɗaya Ximena Orozco ce daga Lexington, iyayenta ma'aikatan mayanka. Ta haddace littafin ƙa'idojin majalisa cikin kwana huɗu, har ta fara gyara masa kuskure. Ɗayan Lyle Brezina ne, ɗan manomi, ƙaton yaro mai manyan hannuwa, wanda kakarsa ta sa shi zuwa dole. Kwana takwas Lyle bai ce uffan ba a zauren. Orrin ya lallashe shi, ya rubuta masa jawabi, ya ba shi labarin abin da ya same shi a Lincoln. Lyle ya saurara, ya ce, "Sannu, Koci," ya ci gaba da kallon takalminsa.

Rana ta tara, bayan an ci taliya da cuku, yara ashirin suka shiga zama. Orrin na kujerar baya yana fifita da takarda. Sai Ximena ta miƙe.

"Shugaba, ina da ƙuduri na gaggawa."

Yarinyar da ke riƙe da guduma ta ba ta izini, da sauri irin na wadda ta san zancen.

Ximena ta karanta. Sashe na ɗaya: duk wani mahaluki da ya haura shekara hamsin a sansanin nan, in zai yi magana, minti uku gare shi. Sashe na biyu: labarin yaƙin basasa, da labarin takarar kansila, duk suna cikin lissafi. Sashe na uku: dokar za ta fara aiki nan take.

Mahaluki ɗaya ne tak ya haura hamsin a sansanin.

Orrin ya yi zumbur. "Kai, ku dakata! Ai wannan…"

Ƙwas! Guduma ta sauka.

"Koci, kai ba Sanata ba ne," in ji shugabar. "Baƙo ba ya magana a zauren majalisa. Shafi na goma sha biyu."

"Wa ya koya muku wannan rashin kunyar?"

"Kai, ranar Talata," in ji Ximena.

Ya koma ya zauna. Abin haushin, ƙudurin ba shi da aibu ko ɗaya. Ya bi shi a ransa layi-layi yana neman inda zai kama su, bai samu ba. Da jarrabawa ce, da maki ɗari zai bayar.

Shugabar ta tambaya ko akwai mai adawa. Can sai kujera ta yi ƙara, Lyle Brezina ya miƙe, kunnuwansa jawur.

Orrin ya gyara zama. Yau ga yaronsa zai buɗe baki, kuma don ya kare shi!

"Shugaba," in ji Lyle, muryarsa na rawa, "ni ban yarda da ƙudurin nan ba. A gida ƙarfe biyar na asuba nake tashi tatsar shanu, damina da hunturu. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa samun barci mai daɗi irin na darasin Koci ba. Yana cewa 'a shekarar alif da ɗari takwas', shi ke nan, na tafi. Yanzu in kuka mayar da shi minti uku, ni a ina zan huta?"

Zauren ya kece da dariya. Lyle ya ɗago kai, ya ga ba shi ake yi wa ba, sai rawar muryar ta ɗauke. Ya kawo hujja ta biyu, ya kawo ta uku. Ximena ta taso masa da tambayoyi, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Sai da guduma ta tsayar da shi.

Orrin dai ya rasa abin yi, ko ya ji haushi ko ya yi tafi. Ya ciro hankici ya goge ido, ya ce wa na kusa da shi gumi ne.

Aka kaɗa ƙuri'a: ashirin da babu. Har Lyle.

"Kai ma?" in ji Orrin da suka fito.

"Hujjarta ta fi tawa ƙarfi, Koci. Kai ka ce a bi hujja."

Da yamma ya kira matarsa Darlys ya kai mata ƙara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, dokar nan iyakarta sansani, ko ana iya kawo ta gida?"

Ya bi dokar, domin ba ya iya karya abin da aka zartar bisa ƙa'ida. Washegari bai gama gaisuwa ba guduma ta sauka. Dole ya koma rubuta darasinsa a 'yar takarda kamar tafin hannu, sauran lokacin kuma yara su yi ta gwabzawa, shi yana gyara musu da kalma biyu-uku. A bazarar ce ɗalibansa suka fi ƙwarewa tunda ya fara, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Da aka yi gasar jiha, Lyle ya zo na huɗu.

Shekara uku ke nan da Orrin ya yi ritaya. Ximena, wadda yanzu lauya ce a Kearney, ita ke tafiyar da sansanin. Shi kuwa duk Yuli yana nan a kujerar baya da kwat ɗinsa, riƙe da agogo, yana ɗaga wa masu jawabi yatsu don nuna musu mintocin da suka rage.

Bara wata sabuwar yarinya ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, kai ba ka magana ne? Don Allah ina ɗakin karatu yake?"

Tsofaffin ɗalibai suka yi ca: "Kar ki fara! Kar ki tambaye shi!"

Amma ta riga ta tambaya. Ya nuna mata hanya, ya gaya mata shekarar da aka gina ɗakin, da wanda ya gina shi, da rigimar da aka yi kan filin. Ranar ba ta sami abincin rana ba.