Taswirar Sawakin a Haraj

Shekara goma sha ɗaya na yi a Jidda ina aikin akawu a wani kamfani mai kai wa jiragen ruwa abinci da ruwan sha. Ɗaki ɗaya gare ni a Bagdadiyya, hawa na uku. Iyalina suna Gusau, don kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya ce iƙamata, takardar izinin zamana, ba ta ɗaukar mata da 'ya'ya, halas, babu wata magana. Abokan aikina Indiyawa ne da Misirawa. Sai in yi sati biyu ban yi Hausa da kowa ba, in ban da kaina, ina wanke kofin shayi ina yi wa famfo faɗa. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba na ɓoyewa.

Abin da ya riƙe ni shi ne haraj, wato kasuwar gwanjo ta kudancin gari. Kowace Juma'a bayan la'asar ina can. Mutane na rububin firji da katifa, ni kuwa ina wajen dillalin tarkace, wanda ake kawo wa kayan tsofaffin gidaje in magada sun gaji da su. A hannunsa na sayi fitilar jirgi ta tagulla, da kamfas mai tsagaggen gilashi, da kwalkwalin soja da aka ce na Turkawa ne, Allah masani, da aninai cike da gwangwanin madara. Wani Bamisire da ya leƙa ɗakina ya tambaye ni ko a bola nake kwana. Na ce masa bolar ubansa, amma da Hausa na faɗa.

Duk wannan tarkacen rakiya ne kawai. Taswira nake nema. Mahaifina ya tafi Hajji a ƙasa ina goye a baya. Saƙonsa na ƙarshe daga Sawakin, tashar jiragen ruwa a tsallaken tekun nan, ya zo, ta bakin wani mai komowa, cewa ya sami jirgin da zai haye da shi Jidda. Daga nan shiru. Ba kabari, ba hoto, ba wanda ya ce ya gan shi a wannan gaɓa. Ni dai so nake in riƙe takardar da ke nuna ruwan da ya shiga, in sa yatsa in bi, in kai wa mahaifiyata ta gani kafin idonta ya ƙarasa tafiya.

Wata Juma'a aka sauke wani akwatin katako daga gidan wani tsohon matuƙin jirgi da ya rasu. Dillali ya warware takardun ciki a kan tabarma ya danne su da duwatsu. Ina dubawa sai ga wata taswira. Ga Sawakin, ga Jidda, ga layin fensir da hannun mutum ya ja tsakaninsu, yana karkacewa yana kauce wa duwatsun cikin teku, kowane dutse an yi masa alama. Gefen takardar ya sha gishiri da maiƙon yatsa. Ban san na yi magana ba, ashe na ce, “Wayyo Allah, ga ta!”

Sai na ji an ce a bayana, “Ga wa, ɗan nan?”

Wani dattijo ne, baƙi siriri, cikin jallabiyar da ta koɗe, da buhun tsofaffin takalma a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ina wuni, ya amsa da Hausar da Larabci ya ɗan lanƙwasa. Ya ce a unguwar Mahjar yake, takalma yake saye ya gyara ya sayar. Wallahi ban san lokacin da na kwance masa komai ba, mahaifina da Sawakin da idon tsohuwa. Mutumin da ya daɗe bai yi magana ba, in ya samu kunne ba ya sanin iyaka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Allah Sarki.”

Dillali ya ɗaga taswirar ya buɗe ciniki. Kafin in motsa, Baba ya ɗaga hannu ya taya.

Shekara nawa ina kokawa da Larabawa a wurin nan, ina ƙari a kan tayinsu ko a jikina. Amma wannan Bahaushe ne, dattijo, yanzun nan na kira shi Baba. A gida, in mutum yana ciniki ba ka sa baki sai ya ce ya fasa ya ɗaga ƙafa, balle sa'an ubanka. Haka aka rene ni, kuma abin ya riƙe mini hannu kamar an ɗaure. A zuci kuwa zaginsa nake: tsohon banza, ka ji labarina ka gane abin na da daraja, shi ne za ka riga ni?

Wani Balarabe mai kantin kayan tarihi, mai jan carbi, ya ƙara. Baba ya ƙara. Balaraben ya sake ƙarawa, yana hamma. Baba ya laluba aljihu, ya sauke hannu, ya juyo ya zuba mini ido. Ni kuwa na ɗauka kallon nan na nufin in tsaya a matsayina, yana lissafi ne zai koma cinikin. Na sunkuyar da kai ina jira ya furta cewa ya haƙura. Kuɗin da ke aljihuna ya ninka tayin Balaraben sau uku.

Haraj ba ya jiran kowa ya furta komai. Dillali ya yi kira na ɗaya, ya yi na biyu, ya tafa hannu ya ce mabruk. Balaraben ya naɗe taswirar ya sa a hammata. Na bi shi har mota ina roƙo, na ce zan ba shi riba. Ya ga yadda nake rawar jiki, ya yi murmushi ya ce ba ta sayarwa ba ce, yalla, ya ja ƙofa.

Na dawo ina huci. Baba na nan inda na bar shi.

Ya ce, “Ɗan nan, me ya hana ka ƙari? Ina ta kallonka!”

Na ce, “Baba, ai kai ke ciniki. In hau kan tayinka?”

Ya ajiye buhun a ƙasa. Ya ce, “La ilaha illallahu. Ni me zan yi da takarda, ko karatun boko ban yi ba? Kai nake taya wa. Na ga in suka gan ka da wando da agogo za su tsauwala, ni kuwa za su sakar mini da arha, in miƙa maka. Kuɗina ne suka ƙare.”

Da mai hankali ne ni, da na kama hannunsa na yi godiya. Ina! Na ce masa da ya yi shiru da bakinsa da hannunsa da yanzu abin na wurina, na ce wa ya aike shi. Na faɗa da ƙarfi, har masu sayen katifa suka waiwayo. Bai rama ba. Ya ɗauki buhunsa ya saɓa, ya ce, “Ka yi haƙuri. Ni ma ta Sawakin na hayo ina saurayi, kwana huɗu muka yi a ruwan nan. Shi ya sa.” Ya shige cikin mutane.

Sai da na hau motar komawa maganar ta iso ni. Mutumin ya shiga ruwan da mahaifina ya shiga, wataƙila a shekarun nan ne ma, ya san irin jirgin, ya san inda ake sauke mutane da inda ake binne waɗanda ba su kai ba. Ni kuwa ban tambaye shi ko sunansa ba.

Juma'a bakwai a jere ina zuwa layin masu takalma a haraj. Na shiga Mahjar lungu-lungu ina tambayar wani tsoho mai gyaran takalma, aka nuna mini guda huɗu, babu shi a ciki. Da na je hutu gida mahaifiyata ta tambaye ni ko na taɓa gamuwa da wanda ya bi hanyar Sawakin a can. Na ce mata a'a.