Itacen Wankan Jego a Lakwal

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta daminar da ruwa ya ci ƙauyenmu na gefen Alela. Ni mai sayar da tuwo ce a tashar Birnin Konni, amma a ƙauyen nan aka haife ni. Da labari ya iso cewa ruwa ya shiga gari, gidajen ƙasa sun zube, rumbuna sun tafi da hatsinsu, sai mu matan tasha muka haɗa abin da ya samu: shinkafa, garin masara, sabulu da tsofaffin zannuwa. Wani direba ya kai mu inda hanya ta yanke, daga nan amalanken jaki ya ƙarasa da mu.

Mun tarar an tara jama'a a lakwal, wato makarantar boko, don ita ce ginin siminti, kuma a kan tudu take. An ture teburan yara gefe, kowane aji cike da iyalai, zane kawai ya raba wannan gida da wancan. Ni aka ba ni girki. Babbar wahalarmu makamashi: kara ya bi ruwa, itacen daji duk a jiƙe, gawayin da muka zo da shi kuwa da kyar yake nunar da tukunya.

A ajin ƙarshe na ga wata matashiya kwance tana fuskantar bango, jariri a bayanta yana ta tsala kuka. Ungozomar garin, wata tsohuwa, ta ja ni waje ta ba ni labarinta. A cikin ajin nan ta haihu, washegarin ambaliyar. Mijinta yana Abijan wurin nema, ba a same shi a waya ba. Surukarta, wadda za ta kula da ita, bango ya faɗa mata, har an binne ta. Iyayenta kuma suna Tajaye, babu hanya.

"Ba ta ci, ba ta magana, nono bai zo ba," in ji ungozomar. "Malamar likita ta duba ta, ta ce jikinta lahiya lau, ta dai ci abinci. To ta ƙi. Kuma tun da ta haihu ko wanka guda ba a yi mata ba. Da mi za mu dahwa ruwan?"

Wani zai ce wanka ƙaramin abu ne ga mutanen da suka rasa muhalli. Amma a wurinmu, mai jegon da ba a dafa wa ruwa ba, ba a dama mata kunun kanwa ba, ta riga ta san ba ta da kowa.

Na nufi gindin bishiyar da maza ke zama tare da maigari. A jikin katangar lakwal kowa ya jingina itatuwan rufin ɗakinsa, waɗanda ya tono daga cikin laka, rana ta fara busar da su. Ga wasu, abin da ya rage musu ke nan a duniya, kuma itacen rufi mai kyau ya yi wuya a ƙasarmu yanzu. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni: itacen dafa ruwan wankan mai jego.

Can wani magidanci ya ce, "Hajiya, in munka ƙone wanga, da mi za mu ruhe ɗaki? Muna da ɗiya mu ma."

Gaskiya ya faɗa. Har na juya zan tafi, sai wani dattijo mai tufkar igiya, wanda ɗakinsa da rumbunsa duk sun tafi, ya miƙe da kyar. Ya je ya jawo mafi kauri cikin itatuwansa, ya yar a gabana.

"Wanga ubana ya aza shi," ya ce. "Ɗakin ya riga ya hwaɗi. Yarinyar ba ta hwaɗi ba tukuna. A kawo gatari."

Muka kewaye bayan aji da tabarmi, muka aza garwa, ungozoma ta tsinko ganyen dogon yaro. Tallabo ta muka yi zuwa wurin, kamar marar ƙashi. Da ruwan zafi ya sauka a bayanta sai ta fashe da kuka, tana kiran surukarta, "Inna! Inna!" Wannan ce muryarta ta farko da na ji. Ba mu hana ta ba, ungozoma ta ci gaba da wankan har ruwa ya ƙare. Na miƙa mata kunun kanwa, ta sha tana shessheƙa.

"Inna Hajiya, ina kunka samu itace?" ta tambaye ni.

Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta miƙo mini ita. "Ƙara mini."

Kafin ranar suna nono ya zo, kukan jaririn ya lafa. Maigari bai umarci kowa ba, amma kullum da safe sai mu tarar da itace a faskare a bayan ajin. Wata rana na iske magidancin nan da ya fara magana da gatari a hannu, yana faskara nasa. Bai dube ni ba, na wuce wurin girkina. Aka raɗa suna a filin lakwal da goro da ɗan dabino. Da hanya ta buɗe uwar mai jegon ta zo daga Tajaye, mijin ma direbobin tasha suka nemo shi, ya dawo.

Da rani aka yi gayya, aka tada ɗakuna. Ba kowa ya samu rufi ba. Dattijon nan a bukkar zana ya zauna har wata kakar, kuma ban taɓa jin ya ambaci itacensa ba.

Abin da na koya shi ne, kai wa wanda masifa ta afka wa abinci wajibi ne, amma ba shi kaɗai ke tada mutum ba. Sai ka zauna ka gano abin da zai nuna masa har yanzu yana da mutane. Kuma sau da yawa wannan abin ba daga birni yake zuwa ba, yana hannun maƙwabcinsa da ruwa ya ci su tare.