Na Je Apo Neman Ɓarnar da Na Yi

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka bar Zariya, ni da wani abokina da ke da takardun da zai kai wata ma'aikata a Abuja. Shi ke tuƙi, ni ina gefe rungume da jakar laftof, saboda ban yarda da but ɗin motarsa ba.

Bari in fara da dalilin tafiyar, don da yawa cikinku kun san ni ne a matsayin malamin makaranta kawai. Shekara shida ke nan, in na tashi daga aiki, ina cikin masu kula da wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe rubutunta ya karanta, ya gyara. Aikinta shi ne ta ƙirƙiri kwamfuta a cikin kwamfuta. Idan kana da tsohon shirin kwamfuta da ba ya tashi sai a kan injin shekara ashirin baya, sai manhajar ta kwaikwayi wancan injin, shirin ya zauna a ciki yana zaton a gidansu yake. Muna da yawa, a warwatse a duniya, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Nawa rabon ƙarami ne: sashen da ke haɗa kebul na waje da kwamfutar ta ciki.

Wata biyu da suka wuce na yi wa sashen nan gyara don ya ƙara sauri. Aka duba, aka yaba, aka karɓa. Bayan mako uku sai wani ya aiko da koke cikin gajeren Turanci: tun da ya sabunta manhajar, kebul ɗinsa ya daina magana da mota. Na gwada da duk kebul ɗin da nake da shi, lafiya lau. Sai na rubuta masa cewa ban ga matsala ba, na rufe koken. Ya sake buɗewa. Na sake rufewa. A karo na uku ya rubuto layi ɗaya: shi bakanike ne a Apo, in ban yarda ba in zo in gani. Apo ta Abuja. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun koke daga Najeriya ba. Ga shi kuma ranar Litinin za a rufe karɓar gyare-gyare na sabuwar fitowar manhajar da ke tafe, wanda bai shiga ba sai bayan watanni.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna ba ta ba mu wahala ba. Bayan Kaduna ne aiki ya fara: a bi wannan hannun, a tsallaka wancan, a dawo, ga tireloli sun yi layi. Mun tsaya a Tafa muka karya da shayi da burodi da ƙwai. Mai shayin ya faɗi kuɗin, abokina ya tambaye shi ko har da kazar da ta yi ƙwan ya haɗa. Mutumin bai yi dariya ba, da alama ya saba jin wannan. Daga Zuba hanya ta buɗe, motoci suka fara gudu kamar ana korarsu. Abokina ya sauke ni a Area One wajen sha ɗaya, na hau tasi zuwa Apo.

Wanda bai taɓa shiga unguwar kanikawa ta Apo ba, ya ɗauka gari ne guda da ba a sayar da komai sai sassan mota. Ƙofofi a jingine, injuna a jere a ƙasa, ƙasar kanta ta yi baƙi da mai. Kowa na kiran kowa oga. Na yi tambaya sau huɗu kafin a nuna mini rumfar mai koken, Oga Bitrus mai gyaran wayarin mota.

Mutum ne gajere, mai furfura a gemu, ɗan Filato, ya ce ya haura shekara ashirin a Apo. A kan wani benci ya ajiye laftof ɗinsa, an lulluɓe madannan da leda saboda maiƙo. A gaban rumfar akwai wata tsohuwar tasi mai launin kore da fari, bonet a buɗe, direbanta, wani Bahaushe, zaune a kan taya yana cin gyaɗa. Na yi sallama, na ce ni ne wanda muke rubutu da shi.

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai ne? Ni na ɗauka Bature ne yake rufe mini complain."

Na ce a'a, daga Zariya nake.

"Zariya!" Ya juya wajen direban. "Ka ji, mutumin da ya ɓata mana aiki ɗan'uwanka ne." Ya jawo mini kujera. "Zauna, Malam. Ba za ka tashi ba sai motan nan ya yi magana."

Sai ya yi mini bayani. Tsofaffin motocin nan suna da ƙwaƙwalwa, kuma shirin da ke karanta ciwonsu tsoho ne ƙwarai, ba ya tashi a sabuwar kwamfuta. Shekara tara da suka wuce wani kwastoma ya ɗora masa manhajarmu, ya sa shirin a ciki. Da shi yake gane ko sensa ce, wato 'yar na'urar da ke kai wa ƙwaƙwalwar rahoto, ta mutu ko waya ce ta tsinke, ba sai ya yi ta canza kaya yana gwadawa ba. Tsohon laftof ɗinsa ya ƙone, ya sayi wannan, aka ɗora masa sabuwar fitowar manhajar, shi ke nan komai ya tsaya. Ya ce kusan wata guda yana aiki da ka, ba na'ura. Kwastomomi biyu sun ɗauke motocinsu. Direban nan kuwa kwana uku ke nan motarsa na mutuwa a tsakiyar titi, kuma ita ce abincin gidansa.

Na ce mu gwada. Ya soka kebul ɗin a ƙarƙashin sitiyari, ya murɗa makulli, ya danna. Shirin ya yi jira, ya yi jira, ya ce mota ba ta amsa ba. Na ɗauko nawa laftof, na ɗora tsohuwar fitowar da ba ta da gyarana, muka sake sokawa. Cikin daƙiƙa kaɗan lambobi suka cika allo. Oga Bitrus ya ɗago ya dube ni.

Da wannan tsohuwar fitowar ya karanta ciwon tasin nan take: wata sensa ce kusa da injin, wayarta ta goge. Ya naɗe hannun riga ya shiga aiki, ni kuma na shiga nawa. Na sa manhajar ta rubuta duk abin da ke wucewa ta kebul ɗin, da lokacin da ya wuce. A nan na ga abin da na yi. Kafin ƙwaƙwalwar motar ta amsa, sai an tashe ta a hankali: shirin yana kunna layin kebul ɗin yana kashewa, sannu sannu, da tazara daidai, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jira. Ni kuma don neman sauri na sa a riƙa tara ƙananan saƙonni a tura su gaba ɗaya. Motar sai ta ji bugu ɗaya, ta yi banza da shi. Ba ni da kebul ko ɗaya a gida da ke buƙatar irin wannan jiran, shi ya sa duk gwajina ya wuce lafiya.

Da azahar na je masallacin da ke bayan layin masu fenti, na dawo na tarar ya sayo mana sakwara da miyar agushi daga wata mai abinci da ke kusa. Naman ya fi ƙarfin haƙorina, amma miyar ta yi daɗi. Muna ci yana tambayata nawa ake biyana. Na ce ba a biyana. Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "To wa ya sa ka?" Na ce ba kowa. Ya girgiza kai, ya ce a Apo ko ƙusa ba a bugawa haka.

Gyaran bai fi layin rubutu goma sha biyar ba: a ci gaba da tara saƙonnin bayanai, amma duk saƙon kunna layi ko kashe shi ya wuce nan take. Kafin la'asar muka gwada a tasin, ta amsa. Muka gwada a wata tsohuwar motar da ke rumfar maƙwabta, ita ma ta amsa. Direban ya tada motarsa, ya zaga layin sau biyu, ya dawo ya yi wa Oga Bitrus godiya. Ni ko kallona bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na tura gyaran ga wadda ke sama da ni a wannan sashe, wata mata a can Turai da na shekara shida ina aiki da ita ban taɓa jin muryarta ba. Ba a yi awa ɗaya ba ta mayar mini. Ta ce gyaran ya yi, amma ba za ta karɓa ba sai da gwajin da zai kama wannan kuskure in wani ya sake yinsa. Raina ya ɗan sosu, don na gaji, sai dai gaskiyarta ce. Rashin irin wannan gwajin ne ya bar ni na yi ɓarnar tun farko.

A Karu muka kwana, gidan ƙanin abokina. Cunkoson hanyar Nyanya da yamma ya cinye mana fiye da awa ɗaya, masu talla suna bin motoci da ruwan leda, da soyayyar ayaba, har da matashin kai. Da safe bayan karin kumallo na zauna a barandar gidan na rubuta gwajin, na yi amfani da ainihin tazarar da na naɗo daga tasin jiya. Na cire gyarana, gwajin ya faɗi. Na mayar, ya wuce. Na tura.

Daga nan na nufi kasuwar Wuse neman irin kebul ɗin, don in riƙa gwaji da shi a gida. Na zaga shagunan kayan waya da na kwamfuta, kowa ya ce in jira, ya aika a duba, a dawo mini da cajar waya. Wani ya rantse cewa nasa ya fi wanda nake nema. Na haƙura na koma Apo don in ɗora wa Oga Bitrus gyararriyar manhajar in yi masa sallama. A nan na tarar da kanikawa uku suna jirana da laftof ɗinsu. Ashe daga wajensa suka kwafi tsarin, kuma duk wanda ya sabunta ya shiga irin halin da ya shiga. Babu wanda ya kai koke a cikinsu, don ba su san akwai inda ake kaiwa ba. Na ɗora musu duka. Da zan tafi Oga Bitrus ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ba ni kebul ɗinsa na ajiya. Na ce zan biya, ya ce in riƙe, amma kafin in sake taɓa komai in fara gwadawa da shi.

Mun kamo hanya bayan azahar, muka iso Zariya ana kiran magariba, lafiya ƙalau sai gajiya. Ranar Asabar aka karɓi gyaran. A ƙasansa, inda ake rubuta wanda ya kawo koke da wanda ya gwada, sunan Oga Bitrus ne a duka biyun.

Abin da na koyo bai da yawa. Duk shekarun nan ina ɗaukar masu amfani da aikinmu mutane ne irina, a gaban tebur, cikin inuwa. Na rufe koken mutum sau biyu don matsalarsa ba ta faru a ɗakina ba, alhali yana can yana rasa kwastomomi. Yanzu in na kasa ganin matsala, sai in tambayi mai koken me ke ɗaya bakin kebul ɗinsa.

Na kira Oga Bitrus na faɗa masa an karɓa, na kuma ba shi labarin matar da ta tilasta ni rubuta gwaji. Ya ce in gaya wa madam ɗin, duk ranar da ta zo Abuja gyaran motarta kyauta ne. Na isar da saƙon. Ta amsa cewa ta gode ƙwarai, amma ita ba ta da mota, keke take hawa. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Ba damuwa. Ta kawo keken."